Jawabi Ga Iyaye: Wa Ke Yanke Hukuncin Satar Jarrabawa A Jami'a?



Ni dai ɗan kasuwa ne, karatuna kuwa na Islamiyya ne. To amma tun da yake 'ya'yanmu na karatu a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke nan Kafanchan, ya zama dole mu san yadda ake shari'ar satar jarrabawa.

Kwanakin baya an kama ɗan wani maƙwabcina da takardar satar amsa a wata jami'a da ke wata jihar. Uban ya rufe shago, ya tafi roƙon malamin da ya kama yaron. Malamin ya ce masa, "Alhaji, ai magana ta bar hannuna." Kuma wallahi gaskiya ya faɗa.

Ga yadda abin yake. Mai tsaron jarrabawa rahoto kawai yake rubutawa, ya haɗa da takardar da ya kama, ya miƙa wa shugaban sashe. Daga nan sai a kai gaban kwamitin bincike, a kira yaro ya kare kansa. Kwamiti shawara yake bayarwa, Majalisar Malaman jami'a da shugaban jami'a su ke zartar da kora ko dakatarwa. Wanda bai gamsu ba sai ya ɗaukaka ƙara gaban Hukumar Gudanarwa, ko ya tafi kotu.

Gwamnati ma ba ta ɗauki abin da wasa ba. Dokar soja ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21, kafin doka mai lamba 33 ta 1999 ta sassauta shi. Amma shi ma ɗalibi yana da haƙƙi. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar wasu ɗaliban Jami'ar Maiduguri, domin ba a ba su cikakkiyar damar kare kansu ba.

Saboda haka jama'a, in abin ya faɗo wa ɗayanmu, kada ya bi dare da ambulan. Ya sa yaro ya amsa kiran kwamiti, ya faɗi gaskiya, ya adana duk takardar da aka ba shi.

Mu 'yan kasuwa mun san algus. Satar amsa algus ce, illa dai ita a asibiti da aji ake sayar mana da ita. Mu tsawata wa 'ya'yanmu tun daga gida.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.