Fuskoki Biyar a Takarda Guda



Takardar da zan yi magana a kanta ƙarama ce, tsawonta santimita 26, faɗinta kamar 20. Wani ɗan Italiya, Leonardo da Vinci, ya zana ta da alƙalami da tawada a birnin Milan wajen shekarar 1493, lokacin yana hidimar mai mulkin birnin, Ludovico Sforza. Yau tana ajiye a ɗakin karatu na gidan sarautar Ingila da ke Windsor. Na san a cikinku akwai malaman da ke da magana a kan zanen abu mai rai. Wannan fage nasu ne, ba zan shiga ba. Ban zo in ce kowa ya ɗauki alƙalami ya zana mutum ba, na zo ne mu duba abin da wani ya riga ya zana, mu ga me ya gani, me kuma ya ɗora wa waɗanda ya gani.

Mutum biyar ne a takardar. A tsakiya wani dattijo, haƙora sun zube, haɓa ta turo gaba, an naɗa masa ganyen itace a ka irin na manyan Rumawan dā. Yana tsaye ƙiƙam, da alamar mai jin kansa. A gabansa wata tsohuwa mai leɓen ƙasa a zazzage. A bayansa wata tana murmushin da ba na alheri ba. Can baya kuma mutum biyu: ɗaya ya haɗe gira yana kallo, ɗaya ya ɗaga kai sama ya wage baki yana ƙyalƙyalar dariya, har kana hangen cikin bakinsa. Babu launi, babu ado. Layuka ne kawai, wasu kauri wasu siriri, amma in ka daɗe kana kallo sai ka ji kamar dariyar nan tana shiga kunnenka.

Kayan aikin ba baƙi ba ne a wurinmu. Tawadar Italiya ta wancan zamani da abu uku ake haɗa ta: wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itacen oak, da sinadarin ƙarfe, da ƙaro. Ƙaron daga ƙasashen Afirka yake zuwa ta tashoshin Larabawa, kuma shi ne dai wanda almajiri ke jefawa a tawadar allo don ta kama. Dukawanmu ma da bagaruwa da ƙarfe suke fitar da baƙin rinin fata, hikimar guda ce. Irin wannan tawada baƙa take farawa, shekaru su mai da ita ruwan ƙasa, shi ya sa zanen yake da wannan launi yau. Takarda kuwa, ku tambayi masu ajiyar tsofaffin littattafai a Sakkwato da Kano: da yawa daga rubuce-rubucen malaman jihadi a kan takardar Italiya aka yi su, mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke ratso Sahara da ita. Leonardo bahago ne, kuma daga dama zuwa hagu yake rubuta bayanansa, yadda muke rubuta ajami. Masana suna gane hannunsa daga yadda layukan inuwa ke gangarowa daga hagu ta sama zuwa dama ta ƙasa.

Ta yaya ya iya fuska haka? Giorgio Vasari, wanda ya rubuta tarihin masu zanen Italiya a 1550, ya ce idan Leonardo ya ga mutum mai wata irin fuska, sai ya wuni yana bin sa, ya koma gida ya zana shi da ka kamar yana gabansa. Wani marubucin, Lomazzo, ya kawo labarin cewa ya taɓa gayyatar ƙauyawa cin abinci, ya yi ta ba su labaran ban dariya, yana lura da yadda kumatu da idanu ke motsi. Daga baya har gawa ya feɗe don ya ga jijiyoyin da ke jan leɓe. Ba baiwa kaɗai ba ce, naci ne. Mai sayar da shanu a kasuwar Shinkafi, wanda ke gane mai saye na gaske daga yadda ya kau da kai bayan an faɗi kuɗi, ya san irin wannan karatu, sai dai bai rubuta nasa ba.

Leonardo ya rasu a Faransa a 1519. Takardunsa suka koma hannun almajirinsa Francesco Melzi, daga nan wani masassaƙi, Pompeo Leoni, ya ɗinke su cikin kundi, kundin ya isa Ingila, kafin 1690 yana hannun gidan sarauta. Tsawon wannan lokaci mutane suna kallon fuskokin biyar suna ta fassara. Wasu suka ce mahaukata ne, wasu suka ce kowace fuska tana wakiltar wata ɗabi'a ta ɗan Adam. Kowa fuska yake kallo.

Sai a 2002 Martin Clayton, mai kula da zane-zanen Windsor, ya ja hankali zuwa ga hannuwa. Dattijon ya miƙa hannun dama gaba, amma an datse gefen takardar tun da daɗewa, tafin hannun ya tafi da abin da aka yanke. A fahimtarsa, tsohuwar da ke gaba duba take yi masa a tafin hannu, ta bayan kuma ta zura hannu tana lalubar jakar kuɗinsa. Mai dariya ya san abin da ake ciki. Wato damfara ce ake yi da rana tsaka, kuma wanda ake damfara shi ne mai naɗin girma. Clayton ya ƙara da cewa mutum huɗun Romani ne, matafiya da asalinsu ya fito daga arewacin Indiya, waɗanda Turawa ke kira Jifsi. A watan Afrilun 1493 hukumar Milan ta ba da umarnin korarsu daga ƙasar baki ɗaya, bisa zargin sata da yaudara.

Nan zanen ya daina ba ni dariya. Idan fassarar nan daidai ce, to gwanin da ya fi kowa iya kallon fuska ya ɗauki gwanintarsa ya zana wa fada abin da fada ke son gani: ga kamannin mutanen da muka kora, ku duba, ai da gani babu tambaya. Abin mamaki, shi kansa Leonardo ya rubuta cewa duban tafin hannu da karanta halin mutum daga siffar fuskarsa ba su da tushe na ilimi. Abin da ya yarda da shi kaɗan ne: yawan dariya ko yawan fushi suna barin sawu a fuska. Ya san gaskiya a rubuce, amma alƙalamin zanensa ya bi son fada. A ganina wannan aibi ne, kuma kyan zanen bai wanke shi ba.

Mu Hausawa muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Karin maganar gaskiya ce, amma tana da iyaka. Fuska tana ba da labarin abin da zuciya ke ciki a wannan sa'a: tsoro, kunya, murna, jin yunwa. Ba ta ba da labarin abin da mutum ya aikata jiya, balle abin da danginsa suka aikata. Wani likitan Italiya, Cesare Lombroso, ya tsallake wannan iyaka a 1876, ya wallafa littafi yana cewa ana gane mai laifi daga muƙamuƙi da kunne da goshi. An daɗe da watsar da ra'ayinsa a jami'o'i. A bakin shingen bincike da cikin kasuwa kuwa, har yanzu yana da mabiya waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba.

Kun fi ni sanin inda na dosa. Ƙasar nan tamu ta saba da karanta fuska tun kafin yau. Wanzami ya yi wa kakanninmu tsage, ana ganin mutum a san Bagobiri ne ko Bazamfare ko Bakabe, a san wasan da za a yi da shi. Tsage shaida ce da dangi suka sa da hannunsu don a san nasu, har ta ceci wasu daga bauta. Da jirgin ƙasa ya iso garin nan na Ƙauran Namoda a 1929, fuskoki iri-iri suka sauka a tasha, gari ya karɓe su ya ƙaru da su. Amma shekarun nan na 'yan bindiga sun koya mana wani karatun daban. Wanda aka ƙone masa rumbu, aka sace masa ɗa a hanyar Zurmi ko ta Shinkafi, ba ni da bakin ce masa kada ya ji tsoro. Sai dai duk mun ji labarin waɗanda aka tare a kasuwa, ba a kama su da bindiga ba, ba wanda ya shaide su da wani laifi, doguwar fuska da siririn hanci da sanda a kafaɗa kawai aka gani. Mun kuma ga abin da ramuwar gayya ta jawo wa ƙauyukan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Su ma na daji haka suke yi: duk wanda suka gani da fartanya, sun yanke masa hukuncin ɗan sa-kai.

Kuma wanda aka kama yana kai wa 'yan bindiga rahoto ko mai ko abinci, sau nawa ya zo da irin fuskar da ake zato? Sau da yawa maƙwabci ne, mai fara'a, wanda ake sallah sahu ɗaya da shi. Garin da muke zaune a cikinsa yanzu sunan Muhammadu Namoda yake ɗauke da shi, jarumin Alibawan Zurmi, Bafillatani. Da zai ratsa wasu kasuwanninmu a yau, babu rakiya, babu mai shaidarsa, akwai inda ba zai kai ƙofar fita ba.