ƘWARYA TA BI ƘWARYA: JAWABI A KAN SANA'AR ZANEN ƘWARYA

 

An ba mu dama mu ce wani abu a kan sana'o'in gargajiya, mu kuwa muka zaɓi ƙwarya. Wani zai ce, ƙwarya kuma? To, a yi haƙuri a saurara.

Dukkanmu mun san duma. Ana shuka shi da damina, ya yaɗu a kan danga ko rumfa, sai kaka a cire shi. A fafe, a jiƙa, a kwashe totuwa, a kankare har ɗacin ya fita, sannan a shanya. Daga nan ake samun masaki da ƙoƙo da ludayi da gora, har da shantun da mata ke kaɗawa a gidan biki. Gwani kuwa shi ne mai zane. Wani yakan sa wuƙa a wuta ya ƙona zanen a bayan ƙwaryar. Wani kuma yakan kankare fatar ya bar fari da ja, ko ya tsaga da tsinin wuƙa ya shafa baƙin tukunya da mai don zanen ya fito. Hannu da ido ne kawai, ba takarda ba ma'auni.

A nan kudancin Kaduna ƙwarya ba ta da ƙabila. Bafulatana daga Ladduga da ita take tallar nono, kuma za ta gaya maka nonon ƙwarya daban yake da na roba. Maƙwabtanmu Fantsuwam da Kaninkon da Bajju da Ham da Atyap duk sun san ta, a gona da gidan biki. Kowa da irin zanensa, amma duman ɗaya ne.

To, me ya faru? Tun da layin dogo ya haɗu a nan Kafanchan a 1927, kayan waje suka samu hanyar shigowa. A shekarun 1960 'yan kasuwa daga Hong Kong suka kafa masana'antun kwano a Nijeriya, har da Kano. Samira da langa suka mamaye jeren amarya, daga baya roba ta zo ta ƙarasa. Yau in ƙwarya ta tsage, wa ke neman gyartai? Sai a jefar.

Ga abin mamakin, jama'a. Mutanen Sin ɗin nan da suka kawo mana kwano, su ba su yar da dumansu ba. Suna kiransa hulu, kuma suna ɗaukarsa alamar arziki da albarka. A birnin Lanzhou akwai masu zane da allura a kan ɗan duman da bai wuce girman ƙwai ba, su zana mutane da duwatsu har da rubutu, su shafa tawada. A Liaocheng ta lardin Shandong, gwamnatinsu ta sa sassaƙar duma cikin jerin al'adun ƙasa da ake karewa a 2008. Ana koyar da yara, ana sayar wa baƙi, mutane na ci da iyali da ita.

Namu fa? Baƙi ne suka rubuta shi. T.J.H. Chappel ya fitar da littafi a kan ƙwaryar zane ta arewa maso gabashin Nijeriya a 1977, Marla Berns da Barbara Hudson suka fitar da nasu a Amurka a 1986. Haka aka yi da gumakan Nok da ke nan kusa da mu: sai da Bernard Fagg ya ga kan da aka tono a ƙasar Jama'a a 1943 kafin duniya ta san darajarsu. Su yumɓu ne, sun jira fiye da shekara 2000 a ƙasa. Ƙwarya ba za ta jira ba. Gara ce za ta cinye ta, gwanin kuma in ya rasu ya tafi da iliminsa.

Saboda haka muna roƙon abu huɗu. Na ɗaya, kwamitin matasa ya zaga unguwanni da ruga ya gano tsofaffin da suka iya zane, a ɗauki hotunan aikinsu, a rubuta sunan kowane zane daga bakinsu. Na biyu, a haɗa kowane gwani da yara biyu ko uku, ƙungiya ta riƙa ba shi ɗan abin goro. Na uku, iyayenmu mata, don Allah a mayar da ƙwaryar zane cikin jere, ko da guda biyu ce. Mai sana'a ba ya rayuwa da yabo, sai da ciniki. Na huɗu, wanda ke da danga ya jefa irin duma bana.

Hausawa sun ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Ba mu ce a bar roba da kwano ba, kowanne da amfaninsa. Cewa muka yi kada jikokinmu su je gidan tarihi na Jos suna tambayar ma'aikaci mene ne wannan.