Ƙuri'ar 'Yan Kallo

Karatu: Markus 6:17-29 da Markus 15:6-15

Ina gaida waɗanda ke jina a cikin birnin Zazzau, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, da na Tudun Wada, da Sabon Gari, da Wusasa, da Samaru, da ƙauyukan kewaye. Marasa lafiya da ke kwance a gida ko a asibiti, Ubangiji ya taɓa ku. Maƙwabtanmu Musulmi da suka saba kama wannan shiri, barkanku da war haka.

Yau ina so mu yi tunani a kan wani baƙo da ya shigo ɗakunanmu, ya kuwa sami wurin zama, wato shirye-shiryen gasa na talabijin. Gasa dai ba sabon abu ba ce a wurin Bahaushe. Mun tashi mun tarar da dambe da kokawa da sukuwa, da kacici-kacici a dandali da dare. Sa'ad da talabijin ta soma aiki a Kaduna a 1962, gidajen da ke da akwatin kaɗan ne, yaran unguwa sukan taru a tsakar gidan mai shi su zauna a tabarma. Dattawanmu suna tune da yadda akan gwada ɗaliban makarantu da tambayoyi, yaro ya ci littafi ko kofi, iyayensa su yi ta murna. Yanzu kuwa abin ya girma ƙwarai, kyautar ta zama miliyoyi, akwatin kuma ya koma cikin aljihun kowane saurayi.

Bari in ambaci biyu da yawancinmu muka sani. Na fari shi ne Who Wants to Be a Millionaire, wanda aka fara a Ingila a 1998, ya iso Nijeriya a 2004, Frank Edoho yana gabatarwa. Mutum yakan zauna a kujera a yi masa tambaya 15, kowace ta fi ta baya wuya, babbar kyauta daga baya ta kai naira miliyan 10. Sai a 2009 aka sami wanda ya cinye ta duka, Aroma Ufodike. In tambaya ta gagari mutum, ana ba shi hanyoyin neman taimako, ɗaya daga ciki ita ce ya tambayi 'yan kallon da ke zaune a zauren.

Na biyu shi ne Big Brother, wanda ya samo asali daga ƙasar Holan a 1999. Akan tara samari da 'yan mata a gida ɗaya, a rufe su makonni, na'urorin ɗaukar hoto suna binsu dare da rana. Kowane mako jama'a su jefa ƙuri'a, wanda ya rasa goyon baya a fitar da shi, har ya rage saura mutum ɗaya. Da aka yi na farko a Nijeriya a 2006, ɗan Jihar Kaduna ne ya ci, Katung Aduwak, ya tafi da dala 100,000. Mutanenmu da yawa suka yi murna, suka ce namu ne. Shirin ya dawo a 2017 da sunan Big Brother Naija. A na 2020, masu shirin suka ce ƙuri'un da aka jefa sun haura miliyan 900, wato sun ninka yawan mutanen ƙasar nan gaba ɗaya.

Ban zo in ce kowace gasa zunubi ce ba. Yabon gwani ya zama dole. Yaron da ya kwana a kan littafi har ya amsa tambaya mai wuya, ya cancanci ladansa, gama kowa ya ci zomo ya ci gudu. Manzo Bulus da kansa ya yi misali da masu tsere a 1 Korantiyawa sura 9, ya yaba horon da suke yi wa jikinsu. Abin da nake so mu lura da shi shi ne wanda aka ba alƙalanci. A shiri na fari, 'yan kallo masu ba da shawara ne kawai, amsar gaskiya tana nan ko sun sani ko ba su sani ba. A shiri na biyu kuwa babu wata amsa sai abin da 'yan kallo suka so. Wanda ya gamshe su ya zauna, wanda ya gundure su ya fita. Saboda haka wanda ke cikin gidan, tun daga tashinsa har kwanciyarsa, tambaya ɗaya ce a ransa: me zan yi su so ni? In faɗa suke so ya yi faɗa, in kuka ya yi kuka, in tsiraici ya tuɓe.

Ƙaunatattu, Littafi Mai Tsarki ya nuna mana mutum biyu da suka miƙa alƙalanci ga 'yan kallo. Dukansu masu mulki ne, dukansu kuwa sun san gaskiya.

Na fari sarki Hirudus ne. Ya tsare Yahaya Mai Baftisma a kurkuku domin Yahaya ya tsauta masa a kan auren Hirudiya, matar ɗan'uwansa. Duk da haka Markus ya gaya mana Hirudus yana ganin kwarjinin Yahaya, ya san mutumin Allah ne, yakan ma so jin maganarsa. Ranar bikin haihuwarsa ya tara fadawa da shugabannin soja da manyan Galili. 'Yar Hirudiya ta shigo ta yi rawa, taro ya ɗauka. Cikin zafin tafi sarki ya sa kyauta wadda ta fi ta kowane shirin talabijin, ya rantse zai ba ta abin da ta roƙa ko da rabin mulkinsa ne. Yarinya ta je ta shawarci uwarta, ta dawo ta nemi kan Yahaya a akushi. Ran sarki ya ɓaci ƙwarai. Yana da ikon ya ce a'a. Amma ya ɗaga kai ya ga idanun baƙinsa a kansa, ya ji kunyar a ce sarki ya janye maganarsa. Kunyar mutane ta fi masa tsoron Allah nauyi, aka sare kan annabi domin kada biki ya lalace.

Na biyu gwamna Bilatus ne. Al'ada ce a lokacin Idin Ƙetarewa ya sakar wa jama'a ɗan sarƙa ɗaya, wanda suka zaɓa. Ga Barabbas, wanda aka kama tare da 'yan tawayen da suka yi kisa, ga kuma Yesu. Bilatus ya bincika bai sami laifi ba, ya kuma gane hassada ce ta sa manyan firistoci suka kawo shi. Alƙali ne, shari'a tana hannunsa. Sai ya juya ya tambayi 'yan kallo. Aka zuga taro, taro ya zaɓi Barabbas. Bilatus, domin ya faranta musu rai, ya ba da Mai Adalci a gicciye shi. Kwana biyar kafin wannan, a birnin nan, an shimfiɗa wa Yesu tufafi a hanya ana yi masa kirari. Gaskiyar Hausawa, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

To, mai sauraro, bari maganar ta iso gida. Da kai nake, saurayi, da ke kuma, budurwa, da kuka gama makaranta shekara uku ko huɗu babu aiki, kuna ganin tsaranku ya shiga gida wata uku ya fito da mota da miliyoyi. Na san zafin zaman banza, na san nauyin ganin tsohuwa tana sayar da ƙosai domin ta ciyar da mai digiri. Ba zan raina wannan ba. Amma kafin ka cika takardar shiga kowace gasa, ka tambaya me za a nema a wurinka. In iliminka ne ko muryarka ko aikin hannunka, ka yi addu'a, ka shawarci iyayenka, ka je ka yi da gaskiya. In kuwa mutuncinka ne farashin, ka tuna mutum ɗaya ne ke ɗaukar kyautar, sauran su koma gida, hotunan abin da suka yi kuma suna nan a intanet har 'ya'yansu su girma su gani. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Da ku kuma nake, mu da ke zaune muna kallo. Taron da ya yi ihu a gaban Bilatus ba aljanu ba ne, mutane ne masu zuwa sujada, sun zo idi. Mu tambayi kanmu me ke yi mana daɗi a daren da ake fitar da wani. In zuciya ta saba da jin daɗin faɗuwar mutum a talabijin, ba za ta bar halin a nan ba. Za ta kai shi kasuwa, ta kai shi zumuntar mata da ƙungiyar mawaƙa. Sau nawa a ikkilisiya muka fitar da wani da bakinmu tun dattawa ba su zauna a kan maganarsa ba? Yarinya ta yi tuntuɓe, kafin Lahadi labari ya gama gari, ta daina zuwa sujada, ba wanda ya bi sawunta. Wannan ma ƙuri'a ce, Ubangiji kuwa yana ƙirga ta.

Akwai kuma wanda bai taɓa kallon waɗannan shirye-shirye ba, amma shekara da shekaru yana zaune a cikin irin gidan nan. Sunan gidan "me mutane za su ce". Saboda shi uba yakan ci bashin da zai shekara biyar yana biya domin bikin kwana ɗaya. Saboda shi ma'aikaci yakan sa hannu a takardar da ya san ƙarya ce, don kada abokan aiki su ce ya cika tsarki. Yahaya sura 12 ta ba da labarin waɗansu shugabanni da suka gaskata da Yesu a zuci amma suka yi shiru, domin yabon mutane ya fi musu yabon Allah daɗi. Ko kana cikinsu?

Iyayenmu cikin bangaskiya a ƙasar nan sun san wannan gwaji. Likita Miller na CMS ya zauna a cikin birnin Zariya tun daga 1905, yana magani, yana koyar da yara, yana aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932. Daga baya aikin ya koma Wusasa a bayan ganuwa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew a 1929. Waɗanda suka bi Almasihu a kwanakin nan 'yan kaɗan ne, a gari inda kowa ya san gidan kowa. Da ƙuri'ar jama'a suka jira, da ba mu gāji kome ba. Suka riƙe abin da suka gaskata, suka kuma zauna da danginsu da maƙwabtansu cikin ladabi da aikin kirki, har asibiti da makarantar Wusasa suka amfani Kirista da Musulmi baki ɗaya.

Ga albishir, 'yan'uwa. Ku da kuka san birni mai ganuwa kun san bambancin ciki da waje. A zamanin dā, in aka rufe ƙofa da magariba, wanda ke waje ya kwana da kura. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 13 ta tuna mana a bayan ƙofar birni Yesu ya sha wuya. Jama'a suka fitar da shi, ya kuwa yarda a fitar da shi, domin mu da zunubi ya bar mu a waje a shigo da mu. Barabbas ne mutum na fari da ya ɗanɗana wannan: mai laifi ya tafi gida, marar laifi ya hau gicciye a madadinsa. A rana ta uku Allah ya ta da Yesu daga matattu, ya rushe hukuncin taron nan. A gidan Uba kuma ba a rage mutane mako mako har ya saura ɗaya. Wuri yana da yawa, wanda ya zo da tuba da bangaskiya ba za a kore shi ba. Allah ya riga ya ga abin da babu na'urar da ta taɓa ɗauka a rayuwarka, duk da haka yana kiranka. Wanda ya tabbata Allah ya karɓe shi, zai iya tsayawa a gaban kowane taro ya ce a'a cikin natsuwa.

A makon nan, in ka zo yanke wata shawara ka ji zuciyarka tana waiwayen mutane, ka dakata, ka tuna da Hirudus a wurin biki, ka tambayi Ubangiji tukuna. Iyaye kuma, kada ku bar yara su kaɗai da akwatin nan. Ku zauna tare da su, ku tambaye su me suka gani, ku yi hira a kai.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba Mai Tsarki, kai ne mai ganin abin da ke ɓoye. Ka gafarta mana inda muka ji tsoron mutane fiye da kai, da inda muka yi murna da faɗuwar ɗan'uwa. Ka buɗe wa matasanmu ƙofar aiki na halal, ka tsare su daga sayar da mutuncinsu. Ka ba masu mulkinmu da alƙalanmu zuciyar tsayawa a kan gaskiya. Ka zaunar da Zazzau da ƙasarmu lafiya. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.

Sai mako mai zuwa war haka, in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.