Jawabi Kan Masu Zane da Amanar da Ke Wuyansu

Shugaban ƙungiya, malamai, dattawa da 'yan'uwa Hausawa mazauna Kumbashi.

Ni dai ɗan kasuwa ne, karatuna na Islamiyya ne, to in na yi tuntuɓen harshe a gafarce ni. An ce in yi magana kan sana'ar da yaranmu suka shiga, wato zanen fasta da allunan shaguna da kwamfuta. Wasu na ganin wasan yara ne. To wallahi ba wasa ba ne.

Ku tuna, iyayenmu da yawa ba su yi boko ba, amma sun yi zaɓe. Da me suka gane jam'iyya? Da zane. A zaɓen 1959, fartanya ta NPC ce, tauraro na NEPU. A 1979, makulli na PRP ta Malam Aminu Kano, gida da masara na NPN ta Alhaji Shehu Shagari. A 1993 kuma doki na SDP, mikiya ta NRC. Tsohuwa ba ta karanta sunan kowa ba, hoto ta dangwala wa yatsa. Kun ga ashe wanda ya zana makullin nan ya shiga siyasa tsundum, ko bai taɓa hawa mumbari ba.

Tutar ƙasar nan ma ɗalibi ne ya zana ta, Taiwo Akinkunmi, a 1959 yana karatu a Ingila. Ya rasu a 2023, amma kore da farinsa suna nan.

Mu 'yan kasuwa kuwa mun ɗanɗana a aljihunmu. A 2007 Babban Banki ya cire ajami daga takardun naira 5, 10, 20 da 50, aka sa boko. A 2014 sabuwar naira 100 ita ma ta fito ba ajami. Layi guda ne tak aka goge, amma irinmu da allo ya raina, da shi muke karanta kuɗi.

To ga inda na dosa. Kwanakin baya wani mutum ya kawo wa ɗan ƙanena aiki, hoton gidaje ƙonannu, ya ce a rubuta sunan wani ƙauye na kusa da mu a ƙasa. Yaron ya bincika, ashe hoton na wata ƙasa ne daban. Ya mayar masa da kuɗinsa. Ranar nan ya kwana ba ciniki, amma ni ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba.

Jama'a, mu zuwa muka yi nan, iyayenmu suka sami masauki. Da mutanen da muka tarar muke cin kasuwa ɗaya, har auratayya ta shiga tsakani. Fasta guda ta ƙarya, in ta hau WhatsApp, kafin la'asar ta rushe zaman shekara hamsin, kuma rumfunanmu ne a bakin hanya.

Saboda haka yarana masu zane, ku karɓi aikin kowace jam'iyya, halaliyarku ce. Amma hoton ƙarya, da zagin ƙabila ko addinin wani, ku ce ba ku yi. In za ku zana sanarwar rigakafi ko rajistar zaɓe, ku sa ajami kusa da boko don iyayenku su karanta. Mu kuma masu ba da aiki, mu daina taya su da wulaƙanci, mu biya su hakkinsu, don yunwa ce ke sa yaro karɓar aikin banza.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.