Agogo: Ado ko Cika Alkawari?



Tun kafin agogo ya shigo ƙasar Hausa kakanninmu sun san lokaci. Manomi a Tabanni ta ƙasar Birnin Gwari yakan dubi inuwa ya bambanta hantsi da walaha, carar zakara kuma ta tashe shi da asuba.

A Turai kuwa, Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya ƙirƙiro agogo mai lilo a 1656. Kamfanonin da yau ake kira Patek Philippe da Rolex sun kafu a 1839 da 1905. Amma tun da Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai batir a 1969, mai araha ya fi mai tsada kiyaye lokaci. Ashe mai sayen Rolex yau suna yake saye.

Gobe mu ne ma'aikatan gwamnati. Albashin ƙaramin ma'aikaci ba ya sayen irin wannan agogo. In ya ɗaura shi, dole talaka ya tambayi inda kuɗin suka fito. Manomin da ya yi sammako daga Tabanni bukatarsa ɗaya ce: ya tarar da mu a ofis ƙarfe takwas.