Allura Muke Girmamawa, Ruwan Gishiri da Sukari Ke Ceton Rai



Da yawanmu ba ma yarda an yi mana magani sai an tsira mana allura ko an ɗaura mana ƙarin ruwa. Yaro na gudawa, uwa ta ruga kemis, a miƙo mata ƙunshin gishiri da sukari, sai ta ɓata rai, wai an raina ciwon ɗanta.

Alhali abin da ke kashe yaro a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki: idanu su zurma, maɗiga ta faɗa, baki ya bushe. Wannan haɗin da muke rainawa shi ke mayar da ruwan. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar a haɗa shi da ƙwayar zinc, kwana 10 zuwa 14. A zuba ƙunshin a tsaftataccen ruwa gwargwadon yadda aka rubuta, a riƙa ba yaro kurɓi-kurɓi, kuma kada a daina shayarwa.

In ya kasa sha, ko aka ga jini a kashinsa, a garzaya asibiti.

Iyaye, mu ajiye wannan ƙunshi a gida tun kafin damina ta kankama.