Hasken Dare Shaida Ne A Kan Zaman 'Yan Gudun Hijira

Maganar da zan yi muku yau a kan fitila ce. Kowane mai shayi da mai tsire a cikinku ya sani, in fitila ta mutu ciniki ya tashi.

A shekarar 2011 Amurka ta harba wani tauraron ɗan'adam mai suna Suomi NPP. Yana kewaya duniya a nisan wajen mil 500 daga ƙasa, yana ɗaukar hoton kowane gari wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare. Inda wuta take sai ya fito fari, inda babu sai baƙi ƙirin. Masana sukan jera hoton bara da na bana su gwada. Da haka ne a 2015 aka gane kashi 83 cikin 100 na hasken ƙasar Siriya ya ɓace cikin shekara huɗu na yaƙi.

To, ina ruwan ɗan gudun hijira da wannan? Ku dubi ƙasar Jodan. An buɗe sansanin Azrak a 2014, amma wutar lantarki ba ta shiga ɗakunan mutane ba sai 2017. A Za'atari kuwa, inda mutum wajen 80,000 suke zaune a lokacin, an buɗe tashar wuta mai aiki da hasken rana a Nuwamban 2017 da kuɗin Jamus, wutar da ake samu a yini ta kusa ninkawa. Irin wannan canji shi ake nema a hoton. Duhu a sansani ba ƙaramin abu ba ne. Mace tana tsoron fita bayan gida, yaro ba ya karatu, allurar rigakafi ta lalace don rashin sanyi, mai tireda ya rufe tun magariba.

Amma kada ku ɗauka idon nan ya ga kome. Ba ya ganin aci-balbal ko wutar murhu. Gajimare yakan tare shi. A lokacin da yake wucewa yawancin masu injin wuta sun kashe sun kwanta. Ɗigo guda a hoton ya kusa rabin mil, watau ɗaruruwan bukkoki ke nan a haɗe. Ba ya kuma faɗin wanda ya kwana da yunwa. Dole a aika mutum ya shiga ya tambaya.

Amfaninsa shi ne, babu mai iya rufe masa ƙofa, hotunan kuma kyauta ne ga kowa. 'Yan'uwanmu suna Minawawo a Kamaru tun 2013, mutanen Sudan kuma sun kwararo gabashin Cadi tun 2023. In wani ya ce an kai musu wuta, sai a ce ya kawo hoton dare na wata goma sha biyu a duba tare.

Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu.